Littafin da Ba a Karantawa

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, wata ɗalibata ta shigo ofishina rungume da wani ƙaton littafi. Bangonsa baƙi wuluk, kusurwoyinsa sun sha ado kamar na tagulla, ga wani ido mai ƙyalli a tsakiya. Na miƙa hannu biyu na karɓa, sai na ji shi sakayau kamar ƙwarya. Da na buɗe, babu ko shafi guda. Rami ne a ciki inda take ajiye wayarta. Ta ce, "Malam, ai ba na karatu ba ne, na riƙewa ne."

Littafin wani ɓangare ne na shigar da ta shirya don abin da ake kira kosfile, wato mutum ya yi shigar wani tauraro na fim, ko na littafin zane, ko na wasan kwamfuta. Sunan daga Japan ya fito a shekarun 1980, kuma tun 2003 ake taron duniya na masu wannan sha'awa a birnin Nagoya. A Najeriya ma matasa na haɗuwa a Legas don irin wannan biki. Sau da yawa mayen da ke cikin waɗannan labaran ƙirƙira ba ya rabuwa da kundinsa, don haka mai kwaikwayonsa dole ya nemi nasa.

Na nemi ta nuna mini yadda aka yi shi. Ana fara da zanen littafin a kwamfuta, a rarraba shi gida-gida: bangon gaba, na baya, ƙashin baya, kusurwoyi da maƙulli. Daga nan sai na'urar ɗab'i mai fitar da siffa ta narkar da zaren roba mai suna PLA, wanda ake samarwa daga sitacin masara ko rake, a zafin da ya kai kimanin digiri 200. Tana shimfiɗa shi hawa-hawa, kowane hawa kaurinsa bai wuce milimita 0.2 ba. Bango ɗaya kan cinye yini guda. Sai gogewa da samfefa har layukan su ɓace, a haɗa da gam, a binne ƙananan maganaɗisu don murfin ya riƙa kamawa. A ƙarshe a shafa baƙin fenti, a bi gefuna da ruwan zinariya sama-sama, domin sabon abu ya yi kama da wanda ya shekara ɗari a taska.

Wanda na gani shi ne na uku. Na farko wuta ce ta ɗauke ana tsakiyar ɗab'i. Na biyu kuwa ta bar shi a mota cikin zafin watan Afrilu, ta dawo ta tarar ya lanƙwashe, domin wannan roba kan fara laushi tun daga wajen digiri 60.

Wasu abokan aikina sun ce wannan baƙuwar al'ada ce kuma ɓata lokaci. Ban yarda ba. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san tashe. Ya ga yaro cikin azumi ya manna gemun auduga, ya riƙe allo, yana kwaikwayon malam. Shigar kwaikwayo ba baƙuwa ba ce a gare mu. Kuma yarinyar da ta iya zane, awo, haƙuri da gyaran kuskure sau uku ta koyi abin da masu shirya finafinanmu ke matuƙar buƙata.

Damuwata daban ce. Siffar littafin kacokan ta Turai ce, kuma zanen ma saukowa da shi ta yi daga intanet. Da na tambaye ta ko ta san tadarishi, wato bangon da malamanmu ke killace warƙoƙin littafi a ciki kafin a saka a gafaka, sai ta girgiza kai. Alhali fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ketarawa da ita Sahara, har Turawa suka yi wa littattafansu bango da ita suna kiranta fatar Maroko. Abin da take kwaikwayo da roba, dukawan Kano sun daɗe suna yin na ainihi.

Akwai kuma gargaɗi. Masu wannan sana'a kan cika bango da rubutu don ƙawa. Kada wani ya kuskura ya kwafo aya ko sunan Allah ya ɗora a kan abin wasa da za a yar a ƙasa bayan biki. A ƙirƙiri alamomin da ba su da ma'ana, sun wadatar.

Shawarata ga sassan koyar da wasan kwaikwayo da zane a jami'o'inmu ita ce su haɗa ɗalibi da baduku a aiki ɗaya: na'ura ta fitar da ƙashi, baduku ya lulluɓe da fata. Tatsuniyoyinmu cike suke da aljanu, dodanni da bokaye masu jiran a ba su siffa. Ɗalibar tawa ta amince za ta gwada. Mun yi da ita ranar Asabar za mu shiga kasuwar Kurmi neman fata.