Singham Jarumi Ne, Amma A Ba Shi Caji Ofis?

Matashin Utai da ya je wajen masu tura fina-finai a waya, da wuya ya dawo babu fassarar fim ɗin Indiya, kuma cikin jaruman da ake yayi har da ɗan sanda mai saurin hannu. Babban misali shi ne Singham, fim ɗin Rohit Shetty na 2011, inda Ajay Devgn ya fito a Sufeto Bajirao Singham. Ba ya karɓar cin hanci, ba ya tsoron mai kuɗi. Amma da ransa ya ɓaci, mari ya riga magana fita, wani lokacin har ya zare bel ya zane mutum a bainar jama'a.

Ƙarshen fim ɗin shi ne abin dubawa. Singham ya ja 'yan sandan Goa suka kama bos, Jaikant Shikre, suka harbe shi, sannan suka gaya wa duniya wai shi ya kashe kansa. 'Yan kallo suna tafi saboda daraktan ya riga ya nuna musu laifin Jaikant ƙuru-ƙuru. DPO na gaske ba shi da wannan gata. Wanda aka kawo masa da tsakar dare, ana ihun ɓarawo a bayansa, mai yiwuwa ɓarawon ne, mai yiwuwa kuma gaba ce ta gona ko ta neman aure aka rufe da ƙazafi.

Indiyawan ma sun ga haka. A Disamban 2019 'yan sandan Hyderabad sun harbe mutum huɗu da ake zargi da yi wa wata likitar dabbobi fyaɗe da kashe ta, jama'a suka yi ta watsa musu furanni. A 2022 kwamitin da Kotun Ƙolin ƙasar ta kafa ya ce da gangan aka kashe su, ya nemi a gurfanar da 'yan sanda 10 kan kisan kai. A 2023 kuma Mai Shari'a Gautam Patel na Babbar Kotun Bombay ya fito fili ya ce saƙon Singham mai haɗari ne.

Mutanen Utai ba sa buƙatar zuwa nesa. A ƙaramar hukumarsu ta Wudil Makarantar Horar da Manyan 'Yan Sanda ta Najeriya take, inda ɗalibi ke shafe shekara 5 kafin ya fito da digiri da muƙamin ASP. Aikin da ke jiransa ya fi ƙarfin damtse: tattara shaida, rubuta bayani, kai wanda ake zargi kotu cikin kwana ɗaya ko biyu kamar yadda sashe na 35 na tsarin mulki ya tanada. Dokar 2017 ta haramta azabtarwa, kuma ƙorafin irin wannan aika-aika ne ya kai ga rushe rundunar 'yan sanda ta SARS a Oktoban 2020.

Gaskiyar Singham da rashin tsoronsa abin so ne, kuma ba mamaki talakan da shari'arsa ta shekara ana ɗagewa ya ji sanyi in ya ga mari ya sauka. Sai dai shugaba ba hannunsa kaɗai yake ɗauke da shi ba. Kurtu talatin da ke ƙarƙashinsa za su kwaikwayi marin cikin mako guda, ba lalle su kwaikwayi ƙin cin hancin ba, kuma su ne za a tura kasuwar Wudil ranar Juma'a su tsaya tsakanin mai shanu da dillali.