Gashin Ciwon Daji Ga Mai Juna Biyu: Yadda Ake Kare Abin Da Ke Ciki



 Yau za mu taɓo wata jarrabawa mai nauyi: mace tana ɗauke da juna biyu, sai kuma aka gano tana da ciwon daji. Likitoci sun ƙiyasta cewa a cikin masu ciki 1,000 ana samun kamar mace ɗaya da hakan ke faruwa da ita, galibi kansar mama, ko ta bakin mahaifa, ko ta kaluluwa. Da zarar likita ya ambaci gashi, abin da maigida ko mahaifiyarta za su fara tambaya shi ne: "Likita, to cikin fa?"

Tambayar tana kan hanya. Na'urar gashi tana harba wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, wanda ke kashe ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa, kuma babu abin da ke saurin girma a jikin mace kamar ɗan tayi. Tun a 1956 wata likita a Ingila, Alice Stewart, ta nuna alaƙa tsakanin hoton ƙashi da ake yi wa masu ciki da ciwon daji a yara. Binciken da aka yi kan yaran da ke cikin iyayensu lokacin da aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a 1945 ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ta fi fuskantar haɗari tsakanin mako na 8 da na 15 da shigar ciki. Kafin nan, daga mako na 3 zuwa na 8, lokacin ginin gaɓoɓi ne, inda ake jin tsoron tawaya.

Sai dai illar ta danganta ne da yawan hasken da ya isa mahaifa. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira miligire. Mai kansar mama na iya karɓar kusan miligire 50,000 a ƙirjinta cikin makonni. Hukumar ƙasa da ƙasa mai ba da shawara kan kariya daga irin wannan haske ta bayyana a shekarar 2000 cewa idan abin da ya isa ga ɗan tayi bai kai miligire 100 ba, wannan ba dalili ba ne na zubar da ciki. Duk aikin da za ku ji yanzu, ƙoƙari ne na tsayawa ƙasa da wannan adadi, kuma nesa da shi.

To ta ina hasken yake kai wa ga mahaifa, alhali kai ko wuya ko ƙirji ake gasawa? Ku ɗauki misalin tocila a ɗaki mai duhu: bango ɗaya ka haska, amma sauran ɗakin ma ya ɗan yi haske. Wani haske yana yoyo daga kan na'urar, wani yana fantsama daga ƙofar da yake fitowa, wani kuma yana watsuwa ta cikin jikin maras lafiyar kanta. Biyun farko ana iya tare su. Na uku ba ya taruwa, tunda ta ciki yake bi, sai dai nisa ya rage shi.

Nan ne aikin masanin fiziks na asibiti yake, mutumin da majinyata ba su cika sanin da zamansa ba. Kafin a taɓa matar, yakan kwantar da mutum-mutumi a kan gadon na'urar, ya sa ƙananan na'urorin awo a daidai saman mahaifa, da cibiya, da mara, ya kunna gashin ya ga abin da ya isa kowane wuri. Sannan a haɗa wata gada mai ƙarfi da ke ƙetare cikin ba tare da ta taɓa shi ba, a jera mata dalma mai kaurin santimita 5 zuwa 7. Rigar dalmar nan da ake sawa a ɗakin hoto ba ta isa ba ko kusa. Rahoton da masana fiziks na asibitocin Amurka suka fitar a 1995 ya nuna irin wannan garkuwa na iya rage hasken da kusan rabi. Ana kuma sauya kusurwar da ake harbo hasken, a guji ƙarfin da ya wuce kima. Kuma tunda ciki yana hawa sama, har ya kai cibiya a wajen mako na 20, dole a riƙa sake awon.

Akwai inda dabara ta ƙare, kuma gara a faɗi gaskiya. Idan kansar a bakin mahaifa take, ba yadda za a gasa mara ɗan tayi ya tsira. A nan sai a duba tiyata, ko allurar kansa bayan watanni ukun farko, ko a jinkirta gashin zuwa bayan haihuwa. Ko a kansar mama ma, galibi haka ake yi. Wani bincike da Farfesa Frédéric Amant na ƙasar Beljiyam ya jagoranta a 2015, kan yara 129 da iyayensu suka yi fama da kansa suna da cikinsu, ya gano cewa girmansu da kaifin ƙwaƙwalwarsu a ƙuruciya bai bambanta da na sauran yara ba. Abin da ya fi cutar da su shi ne haihuwar bakwaini.

Masu sauraro, ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye. A al'adarmu mace takan ɓoye ƙaramin ciki, musamman na fari, saboda kunya. Kunya ado ce, amma ba a ɗakin gashi ba, domin makonnin da ake ɓoyewar su ne mafi haɗari, kuma ba wanda zai ɗora garkuwa a kan cikin da bai san da shi ba. Ko a Zariya ne, ko Sakkwato, ko Abuja, ko Yamai, 'yar'uwa, idan kin yi ɓatan wata ko kina zargin ciki, ki faɗa wa likita kafin a fara, ki nemi a yi miki gwaji. Kai kuma maigida, kada tsoron gashi ya sa ka riƙe ta a gida ciwon yana cin ta. Ka raka ta asibiti, ku zauna da likitan kansa da likitan mata, ku tambaye su nawa ne zai isa ga cikin, kuma da me za a tare shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sauki masu juna biyu lafiya.