Harafi Tsakanin Karatu da Kallo: Matsayinsa a Zane da Sassaƙa na Zamani

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna gaban malamin allo ya san cewa kafin yaro ya iya haɗa baƙi, sai ya san babbaƙu ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunansa. Idan muka lura da sunayen nan za mu tarar waɗansunsu siffa suke bayyanawa, kamar su ɗa mai hannu, da an baki wofi, da mim jaye. Watau ido ne ke fara karɓar harafi, ya ga hannunsa, ya ga bakinsa, ya ga jelar da aka ja masa. To, amma da zarar karatu ya nuna, sai siffar ta ɓace wa mai karatu, ya riƙa wucewa ta kan harafi zuwa ga ma'ana ba tare da ya dube shi ba. Masu aikin ɗab'i ma abin da suke nema ke nan, domin a wurinsu harafi mai kyau shi ne wanda ba ya tsayar da ido.

Manufar wannan takarda ita ce mu duba yadda waɗansu masu zane da masu sassaƙa na ƙarni na ashirin suka juya wannan al'amari, suka mayar da harafi abin kallo. Tambayar da za mu riƙe ita ce: idan harafi ya shiga zane, nawa ne daga cikin karatunsa yake saura, kuma mene ne ake samu a madadin wanda aka rasa? Za mu taɓo Turai da Amurka a gurguje, sa'an nan mu tsaya a Hartum, mu ƙare da Tehran.

2.0 Harafin Ɗab'i a Turai da Amurka

A shekarar 1911 wani mai zane Bafaranshe, Georges Braque, ya yi zanen wani mutum riƙe da jita, ya farfasa surarsa har ba a iya gane ta sai da ƙyar. A kan wannan ya buga waɗansu haruffa da lambobi da irin farantin nan da ake hudawa a shafa fenti a kai, wanda ake yi wa akwatunan kaya lamba da shi. Haruffan ba su haɗa jimla ba, guntayen kalmomi ne kamar na takardar talla da ta yage. Amfaninsu shi ne, da yake harafin ɗab'i shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da zurfi, sai ya tuna wa mai kallo cewa abin da ke gabansa ƙyalle ne da fenti. Abokinsa Pablo Picasso ma ya bi wannan hanya, kuma daga 1912 su biyun suka shiga manna takardu, har da guntayen jarida, a jikin ayyukansu.

Bayan shekara hamsin da 'yan kai, Robert Indiana na Amurka ya ɗauki kalmar Ingilishi LOVE, wadda ke nufin ƙauna, ya ɗora haruffa biyu a kan biyu, ya karkatar da harafin O. A 1965 aka buga wannan tsari a katin gaisuwar Kirsimeti na gidan ajiye zane-zanen zamani da ke New York. A 1970 ya ƙera shi da ƙarfe, tsayinsa ƙafa 12, aka kafa shi a Indianapolis, a 1973 kuma ya hau kan sarki na aika wasiƙa. A nan karatu bai ɓata ba ko kaɗan, sai dai kalma ta sami jiki da nauyi da inuwa, har mutum yana iya kewaya ta.

Abin lura shi ne, su waɗannan masu fasaha harafin injin suka ɗauka, wanda ba a ganin sawun hannun kowa a jikinsa. Daga kasuwa da titi suka tsinto shi.

3.0 Harafin Alƙalami a Ƙasashen Musulmi

A ƙasashen da ake rubutu da baƙaƙen Larabci kuwa lamarin ya sha bamban, saboda a can harafi ya daɗe yana da daraja ta kansa. Tun ƙarni na goma waziri Ibn Muƙla na Bagadaza, wanda ya rasu a 940, ya shimfiɗa ƙa'idar auna haruffa da ɗigon alƙalami, aka mayar da tsawon alif ma'aunin sauran. Saboda haka mai zane na zamani da ya ɗauki wannan harafi, ya ɗauko abin da ke da ƙa'ida da alfarma, ga kuma jama'a da ke ganin nasu ne.

Daga ƙarshen shekarun 1940 aka fara ganin masu zane da suka koyi sana'arsu a makarantun Turai da Amurka suna komawa ga harafi. Madiha Umar ta Iraƙi ta nuna irin waɗannan zane-zane a Washington a 1949. A 1971 Shakir Hassan Al Sa'id ya kafa wata ƙungiya a Bagadaza wadda harafi ne tushen nazarinta. Wannan tafarki shi ake kira hurufiyya, daga kalmar harafi. Dalilin bunƙasarsa a fili yake: zamanin samun mulkin kai ne, masu fasaha suna neman hanyar da za su yi aikin zamani ba tare da sun zama 'yan amshin shatan Faris da Landan ba.

4.0 Mazhabar Hartum

4.1 Osman Waƙialla

A Sudan, wanda ya share fage shi ne Osman Waƙialla (1925 zuwa 2007). Ya yi karatu a Landan, ya kuma koyi rubutun hannu na ƙa'ida a Alƙahira. Akwai wani aikinsa na 1980 da ke ajiye a babban gidan tarihi na Birtaniya, inda ya ɗauki haruffa biyar ɗin nan da suka buɗe Suratu Maryam, ya rubuta su manya-manya, sa'an nan ya cike filin da ke kewaye da su da ƙananan rubutu na ayoyin surar. Daga nesa siffa ake gani, in an matso sai a karanta. Bai karya ƙa'idar harafi ba; abin da ya sake shi ne girma da tsari da yadda aka raba fili.

4.2 Ibrahim El-Salahi

Wanda ya kai al'amarin nesa shi ne Ibrahim El-Salahi. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin addini ne mai makarantar allo, irin wadda mutanen Sudan ke kira halwa. Ya yi karatun zane a Hartum, daga nan ya tafi makarantar Slade ta Landan daga 1954 zuwa 1957. Da ya dawo gida ya baje zane-zanensa irin na Turawa, na fuskoki da filaye, sai ya ga jama'arsa ba su kula ba. Kamar yadda shi kansa ya sha faɗa, wannan ya sa ya dakata, ya shiga duba abin da mutane ke ratayewa a ɗakunansu, sai ya tarar rubutu ne da kayan saƙa masu ado irin su faifai.

Matakin farko da ya ɗauka shi ne sanya ɗan rubutu a gefen zane. Ya ce da ya yi haka sai mutane suka fara matsowa. Mataki na biyu ya fi wannan kasada: ya shiga kwance haruffa, yana raba gaɓoɓinsu, yana duban filin da ke tsakanin wannan harafi da wancan, har ma'anar kalma ta tafi, ƙashin harafi kaɗai ya rage. Daga cikin waɗannan gaɓoɓi, in ji shi, sai surori suka riƙa ɓullowa, na mutane da dabbobi da tsirrai. Ya kuma taƙaita launukansa ga na ƙasar Sudan, watau baƙi da fari da jar ƙasa da ruwan ƙasa.

Misali mai kyau shi ne zanen da ya yi a 1964 bayan rasuwar mahaifinsa, mai suna The Last Sound, watau sautin ƙarshe, wanda ke nuni ga addu'ar da ake yi wa mai barin duniya. A ciki ana ganin layuka masu kama da rubutu da siffofin jinjirin wata suna bazuwa cikin fili. Mai kallo yana jin cewa addu'a ce, alhali kuwa ba a shimfiɗa masa ita yadda zai bi da yatsa ya karanta ba. A nan ne muke ganin ribar da aka samu a madadin karatu: harafi ya daina faɗar magana guda, ya koma ɗaukar yanayin da ake yin maganar a cikinsa.

A 1975, yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu, gwamnatin Ja'afar Numeiri ta tsare shi a kurkukun Kober fiye da wata shida ba tare da shari'a ba, bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki. A can ya riƙa zane a ɓoye a kan 'yan guntayen takarda yana binnewa cikin rairayi. Bayan fitowarsa ya daɗe yana aiki da tawada baƙa a kan farar takarda, kayan aikin da ya buɗe ido da su a makarantar mahaifinsa. A 2013 gidan zane na Tate Modern da ke Landan ya shirya nunin ayyukan rayuwarsa.

4.3 Sukar da Aka Yi

El-Salahi da Ahmed Shibrain (1931 zuwa 2017) da Kamala Ibrahim Ishaƙ su ne ake lasaftawa a matsayin jigogin abin da aka sani da Mazhabar Hartum tun daga 1960. Sai dai tafiyar ba ta rasa masu suka ba. A shekarun 1970 ita Kamala da waɗansu ɗalibanta suka ware, suka kafa tasu ƙungiya, suna ganin cewa dogaro ga gado ya zama wani sabon takunkumi. Wannan suka tana da ƙarfi, domin duk salon da ya sami kasuwa yakan tara masu kwaikwayo, har a kai inda watsa 'yan haruffa a kan ƙyalle ya isa a ce an yi aikin gargajiya.

5.0 Harafi a Sassaƙa: Parviz Tanavoli

Irin wannan damuwa ce ta haifar da ɗaya daga cikin fitattun ayyukan sassaƙa na harafi. Parviz Tanavoli, wanda aka haifa a Tehran a 1937, ya kuma koyi sassaƙa a Italiya, ya ga abokan sana'arsa sun cika ƙyallayensu da rubutu saboda masu saye. Daga 1965 sai ya zaɓi kalma guda ta Farisanci, hic, mai haruffa uku, ma'anarta "ba kome". Ya riƙa ƙera ta da tagulla bisa salon rubutun nasta'aliƙ. Harafin farko ya zama kai mai idanu biyu, na tsakiya ya zama dogon wuya, na ƙarshe ya lanƙwashe ya zama jiki da jela. Wani lokaci ya zaunar da ita a kan kujera, wani lokaci ya sa ta cikin keji tana leƙowa. Duk mai karanta Farisanci zai karanta ta, wanda bai iya ba kuma zai ga wata halitta mai ban tausayi. Kalmar da ke cewa babu, ga ta tsaye da nauyin tagulla. Masu nazari kuma sun danganta wannan da batun fana'i na Sufaye.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da matakai uku. Akwai inda harafi ke riƙe da karatunsa duka, a ƙara masa jiki ko girma, kamar a ayyukan Indiana da Waƙialla da Tanavoli. Akwai inda ya rage guntu, kamar a wurin Braque. Akwai kuma inda aka kwance shi har ya haifi wata sura, kamar a wurin El-Salahi. Ba mu ce wani mataki ya fi wani ba. Ma'aunin da muke ba da shawara a riƙe shi ne: shin in an cire harafin daga aikin, aikin zai rushe? In zai tsaya yadda yake, to harafin ado ne kawai aka liƙa.

Wannan batu bai yi mana nisa ba. El-Salahi ya nuna zane-zanensa a kulob ɗin Mbari na Ibadan tun 1961, kuma allon da ya tashi da shi ɗan'uwan namu ne. Adon da muke kira zayyana, wanda ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, su a can sharafa suke ce masa. Saboda haka ɗalibanmu na sassan koyar da zane da ke sha'awar wannan tafarki suna da abin ɗauka a gida. Amma akwai sharaɗi biyu. Na farko, su koyi harafin a hannun masu shi, su san yadda ake fiƙe alƙalami da yadda ake jan baƙi, gama sai wanda ya iya ɗaure abu yake iya kwance shi. Na biyu, su bambance tsakanin harafi da aya, domin abin da ya halatta a yi wa baƙi guda ba lalle ne jama'a su yarda a yi wa nassi ba. Ya rage ga masana addini da masana fasaha da ke wannan taro su taimaka wajen fayyace inda wannan iyaka take.