Fetur Daga Buntun Shinkafa: Ina Gaskiya, Ina Ƙari?

Tun da fetur ya yi tashin gwauron zabo bayan janye tallafi a 2023, ake ta jin masu cewa akwai tukunyar da za a zuba wa buntun shinkafa ko totuwar masara, fetur ya tsiyayo, a ɗura wa babur a yi gaba. Zancen na da ƙamshin gaskiya, shi ya sa yake saurin shiga kunne.

Fasahar dai tana nan, fairolisis ake ce mata: a gasa itace ko sharar gona da zafin kusan digiri 500 a ma'aunin Selsiyas, a hana iskar oksijin shiga. Mai gawayi da ke rufe tulin itace da ƙasa, ya bar 'yar kafa, aikin da yake yi ke nan. Hayaƙin da yake bari ya tashi shi masu bincike ke tarewa, su sanyaya shi nan take ya zama ruwan mai. Busasshen itace kan ba da har kashi 70 cikin ɗari na nauyinsa.

Sai dai wannan mai ba fetur ba ne. Baƙi-baƙi ne, mai warin hayaƙi, kashi 15 zuwa 30 nasa ruwa ne, ga tsami mai cin ƙarfe. Ƙarfinsa bai kai rabin na dizal ba, ba ya garwayuwa da shi, in ya jima a ajiye kuma sai ya yi kauri. Kafin ya shiga mota sai matata ta gyara shi da iskar haidirojin, kuma nan kuɗin ke tafiya. Kamfanin KiOR ya gina masana'anta a jihar Misisifi ta Amurka don wannan buri, ya durƙushe a 2014. Masana'antar Empyro da ke Hengelo a ƙasar Holan ta fara aiki a 2015, amma wani kamfanin madara ne ya riƙa ƙona man nata don samar da tururi.

Akwai ƙari kuma a zancen cewa duk man da ya fito daga tsiro ba ya cutar da muhalli. In dai itatuwa za a sare a ciyar da injin, hamada ce za ta ci riba. Ko karan dawa ma ba shara ba ne a wurinmu: dabbobi na ci, ana danni da shi. Buntu da ɓawon gyaɗa da ake cinna wa wuta a banza, su ne suka dace.

Abin da ya fi burge ni shi ne gawayin da ke saura. In an binne shi a gona, yakan riƙe sinadarin kabon shekaru aru-aru, kamar yadda baƙar ƙasar da mutanen dā suka bari a dajin Amazon ta nuna. Yana taimaka wa jigawa riƙe danshi. Amma ba ya maye gurbin taki. Cakuɗa su ake yi.

Don haka duk wanda ya tallata maka tukunyar fetur ta bayan gida, ka riƙe kuɗinka.