Dutse da Ruwa: Zanen Malaman Sin da Dajin Birnin Gwari

A ƙasar Sin ta dā, akan so malami ya haɗa abu uku: waƙa, da kyawun rubutu, da zane. Alƙalamin gashi da tawadar da yake rubuta takardun hukuma, da su yake zana ƙasa. Irin wannan zane suna kiransa "shan-shui", watau dutse da ruwa. Galibi ba a gaban dutse ake zama a kwaikwayi siffarsa ba. Mutum yakan yi tafiya ne ya ba idonsa abinci, sa'an nan ya koma ɗaki ya zana abin da ya zauna masa a zuci.

Alal misali, Zong Bing (375–443) ya shekara da shekaru yana hawan duwatsu. Da tsufa da ciwo suka tsare shi, sai ya zana su a bangon ɗakinsa, yana yawo cikinsu daga kwance. Haka kuma Huang Gongwang, tsohon magatakarda wanda ya taɓa shan ɗauri, ya zana tuddan kogin Fuchun tsakanin 1347 da 1350, a kan takarda mai tsawon kusan mita 7.

Dajin Kamuku na Birnin Gwari, wanda aka keɓe a 1936, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1999, yana da dutsensa da ruwansa: ga Goron Dutse, ga magangarar Dogon Ruwa. Malamin Hausa ma da alƙalami da tawada aka san shi, sai dai shi da kalma yake zana ƙasa, kamar yadda Abubakar Imam, ɗan Kagara da ke maƙwabtaka da Birnin Gwari, ya bayyana tafiyarsa Ingila ta 1943 cikin littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi.

To, amma 'yan bindiga sun hana shiga wannan daji shekaru da dama kafin sulhun 2024, har yara suka taso ba su san shi ba sai a labarin tashin hankali. Tsofaffin mafarauta da masu gadin daji da suka taka shi suna nan, kowa da nasa zanen a zuci. Wajibi ne ɗalibai da ma'aikata su rubuta shi daga bakinsu tun suna raye, domin abin da ba a rubuta ba, da mai shi yake tafiya.