Cinikin Intanet: Wa Ke Riƙe da Kuɗin Kafin Kaya Su Iso?

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro ba su yin ciniki da baƙo ido rufe. A manyan zanguna akwai fatoma, mai masaukin da ke sauke su, ya adana musu kaya, ya nemo mai saye, kuma ya tsaya lamuni idan bashi ya shiga tsakani. Har yau a Kantin Kwari da ke Kano, dillali yana cin la'ada ne domin ya san mai kaya, ya san mai saye, kuma gobe ma a nan za a same shi. Wannan mutum na uku shi ne cinikin intanet ya kawar, kuma a ganina mafi yawan damfarar da ake kuka da ita ta giɓin da ya bari take shigowa.

Sauyin ya zo mana da gaggawa. Ƙarancin takardun Naira a farkon shekarar 2023 ya tilasta wa mai shayi da mai kayan miya karɓar tiransifa, jama'a suka saba da tura kuɗi cikin ƙiftawar ido. A lokaci guda shafukan Instagram da TikTok da WhatsApp suka cika da hotunan leshi da atamfa da kayan ɗaki da wayoyi. Da yawa daga masu wannan talla mutanen kirki ne, musamman matan aure da ke neman halaliyarsu daga cikin gida. Matsalar ita ce hoton da mai gaskiya ta ɗora, ɓarawo na iya kwafe shi cikin minti guda ya buɗe nasa shafin. Mabiya dubu hamsin da ake gani sayensu ake yi, haka ma kalaman yabon da ke ƙarƙashin hoto.

Salon mazambacin kusan ɗaya ne. Zai karya farashi har hankali ya ɗauku, sannan ya ce saura guda biyu, ko rangwamen zai ƙare da magariba. Ya fi kai farmaki gab da Sallah da lokacin haɗa lefe, domin ya san mai gaggawa ba ya bincike. Da kuɗi sun shiga sai a nemi na mota, sai na direban tasha, daga nan lamba ta daina shiga. Na sha jin mutane na cewa ai sun yarda ne saboda tallar daga lambar 'yar uwarsu ta fito. Ba su san an ƙwace WhatsApp ɗinta ba, bayan an yaudare ta ta karanto lambobi shida da aka turo mata. Kunna matakin tabbaci na biyu a manhajar yana toshe wannan ƙofa, ba ya kuma cin ko kwabo.

To, ina za a samo fatoma a wannan zamani? Manyan kantunan intanet irin su Jumia da Konga, waɗanda suka fara aiki a 2012, sun gane wannan tun farko: kuɗi na bi ta hannun kamfani, akwai ƙa'idar mayar da kaya, a wasu wuraren ma sai kaya sun iso ake biya. Saboda haka duk mai sayarwar da ya ce a bar dandalin a tura masa kai tsaye don a samu sauƙi, so yake ya fitar da shaida daga cinikin. Idan kuwa a shafin sada zumunta aka ga kayan, sai mai saye ya nemo wakilinsa da kansa. Mutumin Gusau da ke son kaya daga Kano ba zai rasa ɗan'uwa ko abokin karatu da zai leƙa shagon ya gani da idonsa ba. In babu shago, a yi kiran bidiyo a nuna kayan a hannu. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan buƙata. Wanda ya fara kawo uzurin lalacewar kyamara ya riga ya ba da amsa.

Akwai kuma sunan da ke fitowa kafin a danna turawa. Idan shafi na ɗauke da sunan kanti, amma asusun na wani mutum ne dabam, a dakata a tambaya. Hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tana da wurin binciken suna kyauta a shafinta, ko da yake rajista kaɗai ba ta mayar da ɓarawo amintacce. Lambar sirri ta kati, da lambobi ukun da ke bayansa, da lambar OTP da banki ke turowa, babu cinikin da ke bukatar a karanta wa wani su ta waya.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun da ke biyo bayan asara. Malami ko ɗalibar jami'a da aka damfara sukan ji kunyar a ce da iliminsu aka yi musu wayo, sai su haɗiye. Alhali sa'o'in farko su ne masu daraja, domin mazambaci yana rarraba kuɗin zuwa wasu asusun ko ya cire su a wurin mai POS. A kira banki nan take a nemi ya tuntuɓi bankin da ya karɓi kuɗin don a riƙe asusun. A adana rasidin tiransifa, da hoton hirar, da lambar wayar, da adireshin shafin kafin a goge shi. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci kan irin wannan zamba, kuma 'yan sanda da EFCC suna karɓar ƙorafi. Idan kaya sun iso amma ba su ne aka nuna ba, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ce wurin zuwa. In kuma banki ya yi biris da koke har makonni biyu, Babban Bankin Nijeriya yana da sashen kare abokan hulɗa da ake rubuta wa, a haɗa da lambar ƙorafin da bankin ya bayar tun ranar farko.