Mun Kai Yara Ganin Teku, Muka Tarar Da Tarihi A Badagiri

Shekara biyu muna zuba adashi domin wannan tafiya. Tun ranar da autarmu ta dawo daga makarantar Lahadi tana tambaya ko teku ya fi dam ɗin garinmu girma, muka yi wa yaran alkawari cewa in Ubangiji ya bar mu da rai za su gani da idonsu. Da hutun Kirsimeti ya zo muka kama hanya mu shida: mu biyu, yara uku, da Kaka, wadda ta ce ba za a bar ta gadin gida ba. Kwana muka yi cikin mota daga Jos zuwa Legas, washegari kuma cunkoson motoci ya cinye mana rabin yini kafin mu kai Badagiri, can yamma da Legas, dab da iyakar Jamhuriyar Benin.

Mutanen garin Ogu ne, waɗanda ake kira Egun, masunta da manoman kwakwa. Ba a kan tekun garin yake ba. Akwai wani ruwa mai faɗi kwance a gabansa, sa'an nan siririyar ƙasa ta rairayi, bayanta ne tekun. Mun samu masauki mai sauƙin kuɗi, muka yi addu'ar godiya, muka kwanta cikin zafin da mutumin Filato bai saba da shi ba, har Kaka ta ce a nan bargo kayan ado ne.

Da safe muka fara da abin da ya shafe mu masu bi. A ranar 24 ga Satumba 1842 ne Rabaran Thomas Birch Freeman na Metodis ya sauka a wannan gari, ya yi wa'azin Bishara a ƙarƙashin wata bishiya da ake kira Agiya. A Kirsimetin shekarar, shi da Henry Townsend na mishan ɗin Angilikan suka yi sujada tare a gindinta. Bishiyar dai babu ita yanzu, guguwa ta kayar da ita a 1959, sai ginin tunawa da aka kafa a gurbinta. Wurin ba shi da wani girma, masu babur na ta wucewa, mai neman abin kallo zai iya cewa an cuce shi. Mu kam mun tsaya, muka yi da'ira, muka raira waƙa ɗaya da Hausa. Baban yara ya sa babban ɗanmu ya yi lissafi: daga 1842 zuwa 1904, lokacin da mishan ɗin SUM ya kafa zango a Wase, shekara nawa ke nan? Ya ce 62. Zuwa 1932 fa, da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa? Ya ce 90. Kaka ta ce ashe tafiyar da muka yi a kwana ɗaya muna gunaguni, Bishara ta yi ta a tsawon ran mutum.

Kusa da bakin ruwa akwai gidan benen mishan, wanda aka gama a 1845 a hannun Rabaran Gollmer, ana kuma kiransa gidan bene na farko a Nijeriya. Mu da muka san sorayen Kano da na Zariya muna da ja a kan wannan magana, amma ba mu tafi domin gardama ba. Matakalar katako ce, tana ƙara in an taka. A sama aka nuna mana ɗakin Samuel Ajayi Crowther da tsofaffin Littattafai Masu Tsarki na Turanci da na Yarabanci. Wannan bawan Allah yana yaro aka kama shi a garinsu Osogun a 1821, aka sayar, aka sa shi a jirgin bayi, sai jirgin yaƙin Ingila ya tare su a teku a 1822 ya kai su Saliyo. Shi ne ya zama bishop a 1864. Yana da alaƙa da harshenmu ma, domin a tafiyar kogin Kwara ta 1841 abokin tafiyarsa shi ne Rabaran Schön, wanda daga baya ya juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa.

Daga nan ne hutun ya canja fuska. A gidan adana kayan tarihi na zuriyar Mobee aka fito mana da sasari da mari da ƙarfen wuya, na ainihi, waɗanda aka ɗaure mutane da su. Mai yi mana bayani ya ce wanda yake so ya ɗaga ya ji. Babban ɗanmu, mai shekara 15, ya ɗaga da hannu biyu yana murmushi, murmushin bai daɗe ba. Akwai kuma wani ƙaramin mari. Autarmu ta tambaya na wane ne, aka ce na yara. Ba ta ƙara magana ba har muka isa kurkukun bayi na Seriki Abass, inda muka shiga wani ɗaki da bai fi kicin ɗinmu ba, da 'yar taga can sama. Mai bayanin ya ce mutum 40 ake cusawa ciki, ya kuma nuna wata laima da ya ce bayi 40 aka bayar aka karɓo ta. Shi Seriki Abass ɗin, wanda ya rasu a 1919, bawa ne tun yana yaro kafin ya shiga cinikin.

A nan 'yarmu ta tsakiya ta yi tambayar da muke gudu.

"Baba, Turawa ne suka shiga gari suka kama su?"

Da sauƙi a ce mata i, a wuce wurin. Amma ba haka abin yake ba. Turawa suna kawo jiragensu da bindigogi da barasa, su saya. Masu kamowa da masu sayarwa kuwa baƙar fata ne irinmu, sarakuna da attajirai da mayaƙa. Ba kuma mutanen kudu kaɗai aka kwasa ba. An gangaro da mutanen arewa masu yawa zuwa tashoshin wannan gaɓa, har a 1807 bayi Hausawa suka ƙulla shirin bore a Bahiya ta ƙasar Barazil. Hanyar a buɗe take tun da: daga Badagiri ne Bature Clapperton ya tashi a Disamba 1825 ya bi ta Kano zuwa Sakkwato.

Baban yara yana cikin wannan bayani sai Kaka ta tari numfashinsa. Ta ce kakarta ta sha ba su labarin ranar da mahara suka faɗa wa gonakinsu, mutane suka haye dutse, ƙanwarta kuwa tana rafi ɗiban ruwa, ba a sake ganinta ba. Inda aka kai ta, Allah ne masani. Shekara 20 muna zaune gida ɗaya da Kaka, ba mu taɓa jin wannan ba sai a wannan ɗaki.

Bayan azahar muka shiga kwalekwale mai inji muka haye zuwa Gberefu. Mun so Kaka ta jira mu a inuwa, ta ƙi. Daga inda aka sauke mu, doguwar hanya ce ta rairayi zuwa teku, ita ce bayi suke bi a ɗaure. A tsakiya akwai wata rijiya da mutanen wurin ke cewa ana tilasta musu shan ruwanta domin su manta gida. A hankali muka yi tafiyar saboda gwiwar Kaka. Kafin a ga tekun ana jin rurinsa. Wurin da hanyar ta ƙare ana kiransa inda ba a dawowa.

To, ga tekun da muka yi shekara biyu muna tara wa kuɗi. Yaran suka tsaya cik, ba wanda ya ruga. Kaka ta cire takalmi, ta ce, "Ku zo mu yi addu'a." Ta yi ta da yarenmu, ta kira sunan ƙanwar kakarta sau ɗaya. Da muka ce amin, ita da kanta ta tura autar: "Je ki taɓa, ba ruwan ne ya yi laifi ba."

Washegari muka ba yara ranarsu a bakin teku na Suntan. Suka sha ruwan kwakwa, suka hau doki, muka ci soyayyen kifi. Gargaɗi ɗaya ga iyayen da za su je: igiyar ruwan wannan gaɓa tana ja da ƙarfi, wanda ya iya iyo a rafin ƙauye kada ya ruɗi kansa. Iyakar yaranmu gwiwa, hannunsu cikin namu. A tafi da hula da ruwan sha, a kuma yi cinikin kwalekwale tun kafin a shiga.

Autarmu ta ciko gora da ruwan teku domin malamarsu ta makarantar Lahadi ta ɗanɗana gishirin. Kaka kuwa ta ƙullo rairayin Gberefu a bakin zane. Da muka iso gida ta juye shi cikin kwalba, ta aika a gaya wa ƙanenta da ke ƙauye ya zo, akwai maganar da za su yi.